Kunamar da Ke Cikin Bindiga

Ɓeraye ne suka jawo mana bindiga gida. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar gari ta rage zuwa kwasar shara, lungun bayan gidanmu a unguwar Gorton ta Manchester ya koma kasuwar ɓeraye. Wasu ƙatti ne marasa kunya, ka kore su su tsaya suna kallonka. Maigidana ya ce shi zai yi maganinsu. Mutumin da ko kaza bai iya yankawa sai ya kau da kai!

Ya je Birmingham sunan ɗan abokinsa, ya dawo da kwali a hammata. Bindigar iska ce ƙarama, ta hannu, mai harba ɗan dalma kamar ƙwayar dawa.

Na ce, "Malam, cin tuwon suna ka je, ka dawo mana da makami?"

Ya ce, "Ke dai kin faye tsoro. Abin wasa ne, doka ma ba ta hana ba."

Washegari da hantsi ya zauna a kicin yana gwada ta, ba komai a ciki. Ya ɗana, ya mayar da bakin, sai ji muka yi tas! Yatsansa ko kusa bai je ba. Ya sake ɗanawa, wannan karon shiru. Ya yi murmushi ya ajiye ta kan tebur, tana taɓa katako ta sake tashi da kanta. Murmushin ya ɗauke.

Ya juya ta yana duba ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa, ya ce, "Kunamar ce. Ba ta zama, motsi take da kanta."

'Yarmu tana gefe tana shan shayi. Shekararta biyar a lokacin, a Manchester aka haife ta, Hausarta rabi da rabi. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake kiranta. Kunama ɗaya ta sani, wadda kakarta ke ba ta labari a waya. Ta zaro ido, ta tambaya da Turancinta na 'yan unguwa wai da gaske akwai kunama a ciki?

Uban ya kwashe da dariya. "Ƙwarai kuwa, ƙatuwa ma. Kina taɓawa za ta harbe ki."

Shi a ganinsa ya tsorata ta ke nan. Na ce ya mayar da abin nan inda ya sayo tun muna shaida juna. Ya ce sai Asabar. Asabar ta zo aka ce ana gyaran hanyar jirgin ƙasa, ta gaba kuma yana aiki. Bindiga ta samu wurin zama a saman wardrobe ɗinmu, kullum da yamma ya sauko da ita ya tsaya a ƙofar baya yana auna ɓeraye. Ko ɗaya bai taɓa samu ba.

Yarinya kuwa tambaya ta ƙi ƙarewa. Me kunama take ci? Ba ta jin tsoron duhu? Na ce mata ba kunamar gaske ba ce, suna ne kawai. Ta ce ai Abba ya ce ƙatuwa ce. Raina ya ƙi kwanciya, ko a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, ina juya su a gado hankalina yana saman wardrobe.

Wata Lahadi bayan azahar ina tsame shinkafa, uban yana falo yana kallon ƙwallo, sai na ji gidan ya yi tsit. Na hau sama da ludayi a hannu. Kujera na fara gani jingine da wardrobe. Yarinya tana zaune a ƙasa, ta riƙe bindigar da hannu biyu, ta kanne ido ɗaya, ɗayan ta manna shi a bakin bindigar kamar mai leƙa kwalba. Ga gutsuren biskit a gefenta, ta kawo wa kunama abinci.

Innalillahi! Ihun ya zo min har maƙogwaro na haɗiye shi, don na san tana razana shi ke nan.

Na ce, "Mamana, barci take yi. Juya bakin can wajen bango, ki kwantar da ita a hankali kada ta farka."

Ta juya, ta sunkuya, ta ajiye. Tas! Ƙofar wardrobe ta amsa.

Na fizgo yarinya na ƙanƙame. Uban ya hawo a guje, ya kalli bindigar, ya kalli ƙofar, ya ce, "Wallahi na ɗauka babu komai a ciki." Ban zage shi ba, ni da bakina ba ya mutuwa. Hannunsa na kama na ɗora yatsansa a kan ramin da dalmar ta huda. Girmansa daidai baƙin idon yarinya.

Ita kuwa tana ta mutsu-mutsu a jikina tana leƙen ƙarƙashin gado.

"Umma, ta fito? Ban gan ta ba."