Maiƙon Goshi

Tun ina sakandare fuskata take tsattsafo da maiƙo. In na wanke ta da asuba, kafin hantsi ya ɗaga goshina da karan hancina sun soma ƙyalli kamar an shafa musu man gyaɗa. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba sai da na kama aiki a Bodinga, a sashen ajiye fayiloli na wata ma'aikata da ba zan ambaci sunanta ba. Aikina shi ne in karɓi fayil, in rubuta shigarsa, in miƙa shi inda ya dace bisa layin da ya zo. Ɗakin ƙarami ne, rufinsa kwano, fanka kuwa sai ranar da wuta ta ga dama. Idan bazara ta kankama, duk wanda ya leƙo ta taga goshina yake fara gani.

Kowa ya san abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce wuri yana da maiƙo. Kujerata irin wannan wuri ce, domin mai neman a ɗaga fayil ɗinsa sama ba ya zuwa hannu rabbana. An kawo mini na goro, an kawo zabi, akwai wanda ya aiko da ƙwaryar man shanu har gida. Duk na mayar, kuma ban mayar da fara'a ba. Ina ganin a nan na tara masu jin haushina.

Wani abokin aiki, dattijo mai barkwanci da ke sashen albashi, shi ya fara. Ya shigo da azahar, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Malam, wanga goshi ai ba na albashi ba ne. Mu da muka daɗe nan ko ƙyallin sisi ba mu yi ba." Aka kwashe da dariya. Na ce masa halitta ce. Ya ce, "Awo, Allah shi ba mu irin halittar." Daga ofis maganar ta fita tasha, daga tasha ta hau mota ta riga ni zuwa gida.

Gida kuwa Dandin Mahe ne, ƙasar Shagari, inda Baffa yake. Baffa wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin, kuma malamin allo ne da ba a taɓa jin ya sa abin shubuha a bakinsa ba. Al'adarmu ita ce duk ƙarshen mako in je masa da abincin da matata ta dafa, mu zauna a zaure mu ci a kwano ɗaya. Wannan zama ya fi mini duk wani ƙarin girma da ma'aikata za ta iya ba ni. Sai ga shi wata Asabar na buɗe kwano, ya ce ya ƙoshi. Mako ya zagayo, ya ce cikinsa ba daɗi. Na gaba ma kwanon ya dawo Bodinga yadda ya tafi.

Inna, matar Baffa, ita ta ja ni gefe a tsakar gida. Ta ce wani mai sayar da shanu daga Mandera ya tare Baffa a kasuwar Shagari, ya yi masa barka, ya ce, "Ɗanka ya shiga maiƙo, Malam, har huska ta nuna." Tun ranar Baffa ya daina cin duk abin da ya fito daga gidana.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Mutumin da ya koya mini bambancin halal da haram shi ne yake ƙyamar tuwona, kuma hujjar da aka kafa a kaina ita ce fatar goshina. Ba a tarbiyyantar da mu mu tsaya gaban babba muna wanke kanmu ba tare da ya tambaya ba, ni kuma zuciya ta hana ni neman wanda zai shiga tsakani. Sai na yanke shawarar da nake ganin ita ce mafi sauƙi, wato in kawar da hujjar.

Na koma wanke fuska da sabulun wanki, ina dirzawa da soso har sai ta yi zafi. A ofis duk lokacin da na samu sarari sai in zagaya bayan gini da buta. Wani ya ce lemun tsami yana busar da fata, na matsa. Wani ya ce ruwan toka, na gwada. Na hana a sa mini mai a miya. Matata ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce, "Maigida, fuskar nan ta ci maka bashi ne? Ko tukunya ba a yi mata irin wannan wanki."

Abin da ya biyo baya ya fi na farko muni. Kumatuna suka yi ja, fatar gefen baki ta soma saɓulewa, ƙuraje suka feso a haɓa, in na yi alwala sai in ji kamar an watsa mini barkono. Goshin kuwa bai fasa ba, ƙyallinsa ma ƙaruwa ya yi. Dattijon sashen albashi ya sake leƙowa, ya riƙe baki, ya ce, "Subhanallahi! Yanzu kuma man bilicin muka koma? Lalle kuɗi sun zauna."

Da ciwon ya ishe ni na tafi Sakkwato wajen wata likitar fata. Ta saurari jerin abubuwan da na shafa, tana girgiza kai. Ta yi mini bayani cewa kowace fata tana fitar da maiƙo don ta kare kanta, ta wasu ta fi ta wasu fitarwa, galibi gado ne, zafi kuma yana ƙara shi. Wanda ya dirje shi da ƙarfi yana raunata fatar ne, maiƙon kuma ba zai fasa dawowa ba. Ta ce in wanke safe da yamma da sabulu mai laushi, da tafin hannu kawai, in shafa mai marar nauyi wanda ba ya toshe ƙofofin fata, in nisanci basilin da man shanu a fuska. In ƙyalli ya taso da rana, in ɗora tsaftataccen hankici in danna a hankali, ban da gogewa. Ƙurajen kuma kada in matse su.

Na ce, "Likita, ina roƙon alfarma. Ko za ki rubuta mini takarda, da hatimi, cewa wannan maiƙo na halitta ne?"

Ta ajiye alƙalami. "Takarda? Wa za ka kai wa?"

Na ba ta labari a taƙaice. Ta yi ƙoƙari ta danne dariya, ta kasa. Ta ce, "Malam, ni fata na karanta. Zan iya shaida cewa goshinka yana da maiƙo. Abin da ke aljihunka kuwa ban duba ba."

Na fito raina a ɓace, domin gaskiya ta faɗa.

Asabar ta gaba na tafi Dandin Mahe da kwano kamar kullum, fuskata duk ɓawo. Na tarar da Baffa a zaure, an tashi daga karatun safe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana dubana.

"Mi ya samu huskarka?"

"Allah shi gafarta Malam, wanki ne."

"Wane irin wanki?"

"An ce maiƙonta ya hana ku cin abincina. Shi ne na so in fitar da shi."

Ya sunkuyar da kai, yana murza carbi. Can ya ɗago, ya ce, "Ka taɓa karɓa?"

"Ban taɓa ba."

"Ko na goro?"

"Ko ɓarin goro, Baffa. Allah ne shaidata."

Ya ce in miƙo buta. Ya wanke hannu, ya jawo kwanon, ya buɗe, ya yi bismilla, ya yanko loma. Na zauna ina kallonsa yana ci, maimakon in ji sanyi sai na ji haushi ya taso mini. Tambaya ɗaya ce tak, amsarta ba ta kai numfashi biyu ba, amma sai da na ƙone fuskata kafin a yi mini ita. Ban taɓa mayar wa Baffa magana ba, ranar dai na kasa riƙewa.

"Allah shi gafarta Malam, me ya hana ku tambaye ni tun farko?"

Ya tsaya da loma a hannu. Bai dube ni ba.

"Amsar nike tsoro," in ji shi. "Ni na rene ka. Da ka ce mini ka karɓa, ban san inda zan sa kaina ba."

Ya tura kwanon gabana, ya ce in sa hannu kada ya huce. Na wanke hannu na sa. Yajin miyar ya taɓa inda fatar bakina ta tsage, hawaye suka cika mini ido, na bar Baffa ya ɗauka zafin barkono ne.