Yatsa Goma da Shafin da Ya Ƙi Buɗewa

Tun ranar Litinin shafin intanet na hukumar jarrabawa ya ƙi buɗewa a kwamfutar ofis, kuma tun a ranar aka yanke hukunci cewa laifin Yatsa Goma ne. Wa ya bincika? Babu kowa. Ita ce mai zama a gaban kwamfutar, ita ce mai furfura, shi ke nan magana ta ƙare.

Yatsa Goma ita ce sakatariyar makarantar, shekararta ashirin da tara a kan tebur ɗaya. Ɗalibai ne suka laƙa mata sunan tun zamanin tafireta, don ba su taɓa ganin mai buga rubutu da yatsu goma ba, idonta na kan takarda, bakinta na amsa gaisuwa, hannu kuwa sai gudu yake. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta koyi aikin, a wani ɗaki mai zafi a saman shagon tela, wajen wata malama mai tsananin tsiya. Doka ɗaya malamar ta dasa mata, cewa ba a taɓa injin sai an karanta takarda daga kanta har ƙasanta. Dokar ta bi ta har gida. Mijinta, tsohon direban motar asibiti, yakan ce in ka kawo mata magani, kafin ta gama karanta 'yar takardar cikin kwalin ka warke da kanka.

Marigayi wanda ya kafa makarantar ne ya ɗauke ta aiki tun azuzuwan uku ne kacal. Da kwamfuta ta zo, aka tura malamai maza biyu kwas, ita ko tayi ba a yi mata ba. Ta ɗauki littafin da ya zo cikin kwalin ta riƙa karanta shi lokacin tara, shafi bayan shafi, har ta kai bangon baya. Kafin shekara ta zagayo, 'yan kwas ɗin nan su ke leƙowa suna cewa, "Goggo, yaya ake sa lamba a ƙasan takarda?" A kan wannan tebur ta yi goyon 'ya'ya huɗu, ta aurar da uku.

Yanzu ɗan marigayin ne mai makaranta. Ta sha share masa hanci yana ɗan aji ɗaya, shi ya sa har gobe Goggo yake ce mata, ko da yake kiran ya fara yi masa nauyi a baki. Shi ne ya kawo ƙanin matarsa ya ɗora shi a kan kwamfutocin makaranta. Injiniya ake ce masa. Ba wanda ya taɓa ganin takardar injiniyancin, amma akwai jaka mai zip bakwai da waya uku, ga magana kamar rediyo. Shi ya sa wa kwamfutar ofis antibairos, manhajar nan mai tsare na'ura daga cuta, ya kulle ta da kalmar sirri, ya ce don kada masu karambani su taɓa. Da ya faɗi haka Yatsa Goma yake kallo.

To, ga abin da ke ƙasa. Ɗalibai sittin da biyu ne za a yi wa rajistar jarrabawar fita, kuma ranar Alhamis da ƙarfe huɗu hukuma za ta rufe shafin. Hotunansu da bayanansu duk suna cikin kwamfutar nan, mako uku ta yi tana shigar da su, na'urar ɗaukar zanen yatsa ma da ita aka haɗa. Da ta buɗe burauza, manhajar shiga intanet, ta rubuta adireshin, sai allo ya yi fari, wani gargaɗi ya fito, shafi ya ƙi zuwa.

Injiniya ya zo Litinin, ya zo Talata. Ya kashe ya kunna, ya cire wayar wuta ya mayar, ya hura bayan na'urar kamar mai hura wuta. Duk lokacin da gargaɗin ya fito, kafin ƙiftawar ido ya danna ya rufe shi.

"Tsaya mana in karanta," in ji ta.

"Mama, wannan ba wasiƙa ba ce. Turancin kwamfuta ne, zai sa miki ciwon kai."

Ranar Laraba aka yi abin da ya ƙona mata rai. A ɗakin malamai, mutum goma sha huɗu na zaune, Injiniya ya buɗe baki ya ce tsohuwa ce ta danna abin da ba ta sani ba ta jawo cuta, kuma maganin kawai a goge komai a sake ɗorawa. Mai makaranta, wanda iyayen yara suka hana wayarsa hutawa, ya juyo ya dube ta.

"Goggo, gaskiya abin nan ya fi ƙarfinki yanzu. In yaran nan suka rasa rajista, ƙarshen wata sai ki je ki huta."

Kai, duniya! Yaron da ta koya wa ɗaura igiyar takalmi. Amma wallahi ko ƙwalla ba ta bari ta fito ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Hutu na Allah ne, Yallaɓai. Amma kwamfutar nan ba mai goge ta ina numfashi. Aikin mako uku ne a ciki."

Da ta koma gida da yamma ko ruwa ba ta sha ba. Da mijinta ya ji labarin, ya dube ta ya dube ta, ya ce, "Ke da kike karanta takardar magani, yau an hana ki karatu kin yarda?" Ta harare shi, amma maganar ta shige ta.

Alhamis tun bakwai ta buɗe ofis, ta kulle ƙofa ta ciki. Ta kunna kwamfuta, ta kira shafin, gargaɗin ya fito. Ta ɗora hannuwanta a cinya don kada su yi mata gaggawa, ta gyara tabarau, ta fara daga layin farko. Burauza na cewa ba ta yarda da shaidar shafin ba. A ƙasa akwai wani ɗan rubutu mitsitsi mai cewa a danna don ƙarin bayani. Kwana uku ba wanda ya danna shi. Ta danna. Sai ga takardar shaidar shafin ta fito, kuma a gurbin wanda ya ba da shaidar, sunan antibairos ɗin Injiniya ne zaune daram.

Ta juya abin a ranta. Wannan ai ta san shi, aikin ofis ne. Wasiƙa ce ta taso daga hukuma da hatiminta, mai gadi ya tare ta a ƙofa, ya farke ambulan don ya duba ko akwai mugun abu, ya sake liƙewa ya buga nasa hatimin. Ita kuwa burauza, da ta ga baƙon hatimi, sai ta ce ba za ta karɓa ba. Su biyun duk gadi suke yi, rashin jituwa ce kawai ta shiga tsakaninsu.

Ba ta tsaya nan ba, don ta san za a ce zato ne. Ta buɗe shafin a wayarta, da intanet ɗin ofis ɗin dai, ya buɗe tas. Ta leƙa cikin antibairos ɗin, inda ake iya gani ba a iya taɓawa, ta tarar ya sabunta kansa ranar Litinin da safe, kuma ga jerin shafukan da sashen tsaron intanet ya tare. Adireshin hukuma ya fito sau arba'in da ɗaya. Ta ɗauko takardar sanarwar da hukuma ta aiko, ta gwada adireshin harafi da harafi, kada a je shafin bogi ne ake tare mata. Daidai yake. Ta kwafe komai da biro a farar takarda, ta buɗe ƙofa ta zauna jira, don gyaran yana bayan kalmar sirri.

Sai sha ɗaya saura Injiniya ya iso, mai makaranta na biye da shi. Yana shigowa ya zaro wani ɗan filashi, na goge komai a sake ɗorawa, daga jaka ya ce a ba shi wuri.

"Ba inda zan matsa," in ji ta.

"Mama, lokaci na tafiya."

"Ni ma na iya duba agogo. Yallaɓai, zo ka karanta wannan da idonka."

Mai makaranta ya sunkuyo. Ta sa masa yatsa a kan allo, layi bayan layi, yadda take yi masa yana ƙarami. Ta nuna masa sunan da ke kan shaidar, ta nuna masa ranar, ta nuna masa arba'in da ɗayan nan, ta kuma miƙa masa wayarta ga shafi a buɗe. Ya ɗago ya dubi surukinsa.

Injiniya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ai dama na yi zargin haka. Abu mai sauƙi, bari in kashe antibairos ɗin gaba ɗaya."

"Ka kashe wa? Hotunan 'ya'yan mutane da ranar haihuwarsu da zanen yatsunsu na ciki, ka bar su a buɗe? A'a. Akwai wurin da ake rubuta shafin da aka amince da shi, na gani. Wannan ɗaya za a sa, sauran gadi ya ci gaba. Kawo kalmar sirrin."

"Ba a ba kowa."

"To ni ba kowa ba ce. Ko ka faɗa, ko ka zo ka buga ina kallo."

Aka tsaya cirko-cirko. A waje iyaye sun fara taruwa a baranda, ana jin muryar wata uwa tana tambayar mai gadi ko gaskiya ne yara za su rasa shekara. Gumi ya keto wa mai makaranta. Ya ce, "Ka ba ta mana!"

Nan fa ido ya raina fata. Injiniya ya sosa ƙeya, ya duba waya ta farko, ya duba ta biyu, ya gwada wata kalma aka ce ba ita ba ce, ya gwada wata. Ashe gwanin ya manta kalmar da ya kulle mutane da ita, shi ya sa tun farko ya fi son a goge komai a huta. Sai a gwaji na biyar ta buɗe, kuma sunan matarsa ne da shekarar aurensu. Yatsa Goma ta ga abin da ya buga, ta kau da kai, don ba ta da lokacin dariya.

Ta jawo kibod gabanta. Ta shiga sashen tsaron intanet, ta rubuta adireshin hukuma a jerin amintattu, ta karanta shi sau biyu, ta adana. Ta rufe burauza ta sake buɗewa. Allo ya yi fari na ɗan lokaci, sai ga tambarin hukuma ya bayyana da gurbin shiga.

"A turo min su biyar-biyar," in ji ta. "Kuma a fita a ba ni iska."

Daga sha biyu saura har uku da rabi ba ta ɗaga kai ba. Yaro ya shigo, ya ɗora yatsa, ta duba suna, ta duba hoto, ta tura, firinta ta fitar da takarda, na gaba. Bayanta ya riƙe, idonta ya yi ja, ta ƙi ko kurɓar ruwa. Da ta sittin da biyu ta fita da takardarta a hannu, 'yar siririya mai yawan kuka, sai Yatsa Goma ta jingina da kujera.

Mai makaranta ya shigo shi kaɗai, ya turo ƙofa a hankali. Ya tsaya yana murza makullin mota.

"Goggo, sannu da aiki. Maganar jiya, a bar ta kawai. Ɓacin rai ne."

"A bar ta a ina?"

"To, ai ya wuce. Ki ci gaba da aikinki."

"Aikina dama ban ajiye ba. A gaban mutum goma sha huɗu aka ce na lalata kwamfuta, aka ce na tsufa. Yanzu kuma a bayan ƙofa za a wanke ni, daga ni sai kai? Ban karɓa ba."

"Haba Goggo, surukina ne. Ki rufa min asiri."

"Ban ce ka zage shi ba, ban ce ka kore shi ba. Abin da ya faru za ka faɗa. Malamai ba su tashi ba tukuna, ina jin hayaniyarsu."

Ya dube ta, ya ga ba alamar wasa. Ta riga shi fita, ta bi baranda da ɗingishinta na ciwon gwiwa, ta tura ƙofar ɗakin malamai ta tsaya a tsakiya. Hira ta mutu. Injiniya na can lungu yana danna waya, ya ƙi ɗagowa.

Mai makaranta ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce an yi wa yara duka rajista. Ya ce matsalar daga antibairos ce da burauza, ba daga hannun kowa ba. Ya juya zai fita.

"Saura," in ji ta.

Ya tsaya, kunya ta rufe shi har wuya. "Goggo ce ta gano, ita ce ta gyara. Abin da na faɗa jiya ban kyauta ba. Goggo, ki yafe min."

Shekara ashirin da tara ba wanda ya taɓa faɗin haka a ɗakin nan.

"Na yafe," in ji ta. "Gobe ƙarfe bakwai ina nan."