Inusa Sarkin Dako da Katakon da Ya Sha Mai

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a kasuwar Waca ya san Inusa, ko bai nemi saninsa ba, domin muryarsa kan riga shi isa wuri. A Kwaya aka haife shi, gidan manoman gyaɗa, amma tun yana saurayi ya yanke wa kansa hukuncin cewa hauya ta yi masa ƙanƙanta. Ya zo Waca ya shiga dako. Ya ɗauki buhu a zamaninsa, wannan ba a hana shi. Sai dai tun ranar da ƴan dako suka naɗa shi sarkinsu, don kawai kawunsa ne ya riƙe kafin shi, bayansa bai sake sanin nauyin komai ba sai na babbar riga.

Aikinsa ya koma tsayuwa a inuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, da goro a kunci, yana ba da umarnin abin da aka riga aka fara yi. Karatu kuwa, an buɗe ajin manya a unguwarsu, dattawan da suka girme shi suka zauna a tabarma suka sha wuyar baƙaƙe har suka iya. Inusa ya leƙa sau ɗaya, ya ce duk abin da ake koyarwa yana da shi a ka. Irin mutanen nan ne da kan tsinci kalma guda a bakin ƙofa, su yi ta yawo da ita kamar sun gaji makarantar gaba ɗaya.

Yadda ake sauke masara a Waca sananne ne. Akwai wani dogon katako mai kauri, wanda ya tsufa har ya yi kaushi. A jingina shi da bayan kamiyo, mutum biyu a sama su turo buhu, buhun ya gangaro yana jan jiki kamar ba ya so, kafin ya iso ƙasa gudunsa ya mutu, wasu biyu su tarbe shi. Akwai kuma al'ada: duk ƙwayar da ta taɓa ƙasa ta bar hannun mai kaya, ta zama ta tsofaffin matan da ke zaune gefe da tsintsiya da faifai. Ba a karɓe musu, ko mai kayan wane ne.

Wata bazara, Alhaji Sa'idu, ɗan kasuwar da yawancin masarar garin tasa ce, ya gaji da jinkiri. Ya ce wa Inusa a gaban jama'a, "Sarki, kamiyo ɗaya ku wuni a kansa? In haka ta sake faruwa ranar kasuwa, Kolo zan ba aikin."

Kolo wani ɗan dako ne mai baki, wanda ya daɗe yana hangen kujerar. Kowa kuwa ya san inda aikin Alhaji ya tafi, can sarautar ke bi.

Inusa ya koma gida da la'asar. Ya tarar da ƴarsa Muhsina, wadda ke karatu a lise, wato babbar sakandare, a Magaria ta zo hutu, zaune a gindin itacen bedi tana zane a allo: gangare, akwati a kansa, kibiyoyi ta ko'ina.

"Ke Muhsina, rumbu ne kike zanawa a karkace?"

"A'a Baba, fizik ne. An turo akwati a kan gangare, ana tambaya ina zai tsaya."

"To wa zai tsayar da shi, tun da ba kowa a ƙasa?"

"Guga ce, Baba. Gindin akwatin na gugar katako, katakon na riƙe shi. Ita ce wannan kibiyar mai kallon baya. In wurin da kaushi, gugar ta yi yawa, gudu ya ragu. In kuwa da santsi..."

"Tsaya nan!" Inusa ya miƙe tsaye, idanunsa suka yi haske. "Ashe duk shekarun nan katakon ne ke cutata."

"Baba, ban gama ba. Saura rabin lissafin, wato gudun da zai iso ƙasa da shi."

"Riƙe rabinki ki kai wa mushenku na makaranta. Ni nawa ya ishe ni."

Da safiyar ranar kasuwa ya ɗauke jarkar man gyaɗar da matarsa Hasiya ta matse don sayarwa.

"Malam, ina za ka kai mini mai?"

"Ilimi zan yi da shi," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

A kasuwa ya sa aka kwantar da katakon, ya naɗe hannun riga, ya shafe shi da tsumma tun daga kai har gindi, har ya riƙa ƙyalli. Ƴan dako suka kewaye shi, domin rabon da su ga yana aiki da hannunsa har sun manta.

"Ranka ya daɗe," in ji Kolo, "in toya shi za a yi, a aika a kawo yaji."

"Kai dai jahili ne, Kolo. Ka taɓa jin guga? Kibiya ce, baya take kallo. Yau na kashe ta."

Ana cikin haka Muhsina ta iso da sauri, domin uwarta ta gaya mata inda man ya nufa. Ta durƙusa ta yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah. Gugar nan ita ke sa su iya tarbe buhun."

"Ga mai fizik ɗin nan da kanta ta zo kallo!" Inusa ya faɗa wa taro. "Kunya ce ta hana ta ɗaga murya." Sa'an nan ya umarci na sama su riƙa sakin buhuna a jere, kada su duba ƙasa, kada su jira kowa.

Buhun farko bai gangaro ba, harbo shi aka yi. Masu tarba suka ga abin da ke zuwa, kowa ya yi tsalle gefe, domin ba wanda ya yi alkawarin mutuwa saboda masarar wani. Buhun ya daki bangon mangazar Alhaji, ɗakin ajiyar kayansa, ya fashe. Na biyu ya bi shi. Na uku ya bi na biyu. Na sama kuwa, da yake an hana su duba ƙasa, suna ta saki suna jin daɗin sauƙin aiki. Inusa ya yi ihu, hayaniyar kasuwa ta cinye ihun. Sai ya taka katakon da nufin hawa ya hana su. Ƙafarsa ta tafi, buhu na gaba ya kwashe shi, suka ja ƙasa tare har sai da yashi ya tsayar da su, ta hanyar gugar nan da ya ce ya kashe.

Tsofaffin mata suka miƙe a natse, kowace da tsintsiyarta. Alhaji Sa'idu ya tari babbarsu, wata mai suna Zuwaira. "Iya, wannan fa ba zubewa ba ce, ɓarna ce. Ku yi haƙuri."

"Ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba, Alhaji?" in ji tsohuwar. Ta juya wajen Inusa, wanda ke zaune cikin masara hularsa a wani wuri. "Allah ya yi maka albarka, Sarki. Tun da nake shara ban ga rana irin ta yau ba."

Kafin azahar Kolo ya karɓi aikin, kafin magariba ƴan dako suka bi shi. An wanke katakon da toka, an goge shi da yashi, ya ƙi komawa yadda yake, dole aka nemo wani.

Inusa na nan har yanzu. Yakan zauna bakin tasha, inda motocin Magaria ke lodi, yana gaya wa duk baƙon da bai san labarin ba cewa lissafinsa daidai yake, man ne ya cika kyau. Da Muhsina ta ci jarrabawar bak ta gama lise, ya ce ai dole, tun da shi ya nuna mata abin a aikace. Ƴan dako sukan wuce shi da sallama kawai. Masu tsintsiya ne kaɗai ke kiransa Sarki, kuma duk ranar da suka ga kamiyon masara sukan tambaye shi ko akwai sauran mai a gida.