Ganyen Kabewar Mama Saratu

Da safen nan labarin ya same ni. Mama Saratu ta rasu.

Ina tsugune a bayan gida gaban kabewata 'yarta Rifkatu ta kira. Na ce "To," na sake cewa "To," har ta kashe waya.

Duk ɗan cocinmu na Kagoro ya san ta. Ita ce tsohuwar da kowace ranar godiyar girbi sai maza biyu sun ɗauko kabewarta a kan buhu zuwa gaban bagade. Irin kabewar na mahaifiyarta ne, da shi ta zo gidan aure.

Ban taɓa shiga gidanta na fito ban sha gwaten acca ba. Ko na ce na ƙoshi, sai ta ce ba cikina ta tambaya ba.

Bana ba ta shuka ba, ciwon gwiwa ya hana ta. Irin da ta ƙulle a tsumma kuma ɓera ya shiga, ya bar ƙwaya bakwai. Duka ta zuba min a tafin hannu.

"Malam Bitrus, kai mai rubuta komai ne. Ba za ka manta da su ba."

Ban manta ba. Na shuka su a gidana a Kafanchan. Na rubuta ranar shuka, da duk ranar da aka yi ruwa, da ranar da na zuba kashin kaji. Huɗu suka tsiro, ɗaya ta bushe. Makon jiya ganyen ukun da suka rage ya fara yin rawaya.

Na sa hoto a grup ɗin manoma. Wani ya ce ruwa ya yi yawa, wani ya ce yunwa ce, wani ya turo sunan magani har uku. Na ƙara rikicewa.

Ran Litinin na tsinki ganye ɗaya, na sa a leda, na hau mashin zuwa wurin Mama Saratu. Na same ta a ƙofar kicin, ta miƙe ƙafa. Ta karɓi ganyen, ta juya shi, ta fashe da dariya.

"Kai, ɗana! Ka yanko min kunne ka bar mai ciwo a gida? Wannan na gindi ne ko na baki?"

Na buɗe littafina. Komai yana ciki, ban da wannan.

Ta ce, "Rufe littafin nan ka ji. In tsohon ganye na gindi ne ya yi rawaya, yunwa ne, ba shi taki. In sabo na baki ne ya yi dabbare-dabbare yana ƙudundunewa, cuta ne. Cire ka ƙona kafin ƙwari su kai wa sauran. Kuma ba a duba ganye da rana tsaka, lokacin duka suna ƙarya. Da sassafe, ka juya bayansa."

Da zan tafi ta kama hannun rigata. "Na san ka da tsoro. Kar ka taɓa komai. Asabar zan zo in gani da idona, ko a mashin ne."

Yau Alhamis.

Bayan wayar Rifkatu na koma na juya ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ta jikin bango, sabon ganyenta ya yi dabbare-dabbare, ga ƙananan ƙwari koraye a bayansa. Amma tsohon ganyenta ma rawaya ne, kamar na sauran biyun. To cuta ce ko yunwa? Ko duka?

Na riƙe gindinta na daɗe. In na cire alhali yunwa ce kawai, na kashe ɗaya cikin ukun da suka rage na irin mahaifiyarta. In na bari alhali cuta ce, duka za su tafi. Mama Saratu ta ce kar in taɓa sai ta zo. Rifkatu ta ce wataƙila Asabar ɗin za a yi jana'iza. Ni ne zan je wurinta.

Na tumɓuke ta. Na ƙona ta a bayan shinge.

Ban sani ba ko daidai na yi, kuma babu wanda zai gaya min. Hannuna har yanzu yana warin ganyen. A littafi na rubuta: saura biyu.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Saratu, ka hutar da ita a wurinka. Ka ta'azantar da Rifkatu da 'yan'uwanta.

Jama'a, don Allah kar ku turo min sunan magani. Ku sa iyalinta a addu'a. In kun gama, ku roƙa min biyun nan su rayu, ko ɗaya ce ta yi girman da sai mutum biyu sun ɗauka zuwa gaban bagade bana. Amin.