Motar da Yaya Rafi'u Ya Yi wa Rufi

Yaya Rafi'u bai taɓa sayar da kaya da ƙurarsu ba, kuma wannan halin ne ya ja mana abin da zan faɗa. Ni ce ƙanwarsa Barakatu. Ni nake wanke masa gwangwanayen fenti, don haka ba ji na yi a bakin wani ba.

A Mai Wurno aka haife mu, can Sudan. Ya ƙetaro Jidda a jirgin ruwa a 1957, ya fara da fentin manyan motoci a wani gareji, inda ya ƙware a zanen furanni da bishiyar dabino a jikin katakon bodi. Da ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, ya aiko aka kawo ni, muka zauna a unguwar Waziriyya, ya buɗe rumfar kayan gwanjo. Innarmu Rahamatu kuwa tana Bor Sudan wajen ƙanenta, kuma duk wanda ya zo daga can saƙo ɗaya yake kawowa: tana son ta yi ɗawafi da ƙafafunta tun suna iya ɗaukarta. Kuɗin kawo ta ne ya gagare mu.

Dokar rumfar Yaya ɗaya ce. A wanke, a gyara, a shafa fenti, sannan a yi ciniki. Har tulu sai ya yi masa kwalliya. Yakan ce rashin kunya ne ka karɓi kuɗin mutum ka miƙa masa abu ya koɗe.

A 1968 wani Bature da ke unguwar Bagdadiyya zai koma ƙasarsu, Yaya ya sayi kayan gidansa kaf: kujeru, fankoki biyu, akwatin rediyo. Aka yi masa gyara da wani tsohon zane a firam. Mota ce ja, doguwa kamar kwalekwale, tayoyinta a waje, direba shi kaɗai a ciki da tabarau, ƙura na tashi a bayansa. Jan ya dushe, samaniyar ta yi rawaya.

Maƙwabta suka taru yi mata kuɗi. Hamad mai tasi ya leƙa ya taɓe baki.

"Ya shaikh, wannan ai ba mota ba ce. Ba rufi, ba fitila, kujera ɗaya. A ranar Jidda? Kafin ka kai Bani Malik ka gasu."

"Kuma ina alhazai za su ɗora kaya?" in ji Yaya. Ya juya firam ɗin, ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce riyal goma sha biyar, shi ma albarkacin katako.

Ranar Litinin wani injiniya ɗan Italiya ya shigo neman fanka. Yana ganin zanen ya manta da fanka. Ya cire gilashinsa, ya durƙusa a ƙasa da farin wandonsa, ya kai hanci kusa da kusurwar da mai zanen ya sa hannu. Da Larabcinsa mai ɗingishi ya ce tseren motoci ne da aka yi a garinsu yana yaro, tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma mai zanen ya daɗe da mutuwa. Ya tambayi kuɗi.

Allah Ya taimake mu Yaya ɗan kasuwa ne, ba ya fara faɗin farashi. "Kai dai taya," ya ce.

"Riyal dubu huɗu. Alhamis zan kawo."

Ina bayan labule da gwangwani a hannu, wallahi sai ji na yi ya faɗi. Yaya ya daure fuska kamar an taya masa akuya, ya ce halas, ya sallama. Mutumin na shan kwana ya ɗaga ni sama da ni da zanina, ya zaga rumfa sau biyu, ya taka fankar da ba a saya ba. Ni dariya, ni kuka. Dubu huɗu! Jirgin Inna, masaukinta, ragon hadayarta, har da canji. Kafin la'asar ya aika mata takarda ta fara ɗaure kaya. Kafin magariba duk layinmu sun sha shayi da madara a kansa, Hamad ma ya ce dama tun farko shi ya ga alamar motar tana da daraja.

Da safiyar Talata na tarar da Yaya tsaye gaban zanen ya riƙe haɓa.

"Barakatu, bawan Allah nan zai ba da dubu huɗu, ni kuma in ba shi abu a koɗe?"

Da na ce masa ya bari, da yau ina da bakin magana. To ni ce na miƙa masa jan fenti. Na mota, mai sheƙi. Ya sabunta jikinta, ya mayar da samaniya shuɗiya shar. Daga nan hannu ya saki. Ya yi mata rufi saboda rana, ya sa fitilu biyu, ya ɗora kariyar ɗaukar kaya a sama da akwatuna a ɗaure. Ya tsawaita bayanta kaɗan ya ƙara kujera, ya ce ba ya ganin mutuncin motar da ba ta da wurin zaman uwa. A gefen hanya ya dasa dabino uku. Rubutun da ke kusurwa, wanda ya ce kamar tafiyar kaza, ya rufe shi da fure. Maƙwabta suka yi ta tafi. Hamad ya ce yanzu kam ta kai dubu shida, kada a sallama a ƙasa da haka.

Alhamis injiniya ya zo da kuɗinsa a ambulan. Yaya ya yaye zanin da ya rufe zanen da shi yana murmushi har kunne. Mutumin ya tsaya. Ya matsa, ya duba furen da ke kusurwa, ya kankare shi da farce, fentin ya ƙi tashi, don aikin Yaya ba na wasa ba ne. Sai ya zauna a kan wata kujerar gwanjo ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Har yau ban san ko dariya yake ko kuka ba. Ya mayar da ambulan aljihu, ya sayi fanka ɗaya, ya tafi.

Takarda ta biyu da muka aika wa Inna ita ce mafi nauyin abin da na taɓa kaiwa gidan waya. Na yi sati ban yi wa Yaya magana ba, alhali na san da hannuna a ciki.

Zanen ya zauna a rataye a ƙofar rumfa. Direbobin manyan motoci suka fara tsayawa suna kallo, ɗaya ya ce a zana masa irinta a bayan motarsa, wani ma ya biyo. Riyal talatin, riyal arba'in. Da irin waɗannan aka tara kuɗin Inna, amma sai da aka shekara huɗu.

Ta sauka a tashar jirgin ruwa a goye a bayan wani ɗan dako, ƙafafun sun riga sun ƙi. A kan katako mutum huɗu suka ɗauke ta ta yi ɗawafi, Yaya na biye yana share hawaye da haraminsa. Da muka dawo Jidda ta ce a kawo mata motar da ta ci mata shekara huɗu. Yaya ya ajiye zanen a cinyarta, ya kasa ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan kujerar baya.

"Wannan ta wa ce, Rafi'u?"

"Taki ce, Inna."

"To ai ka san da ma ɗaukata za a yi," ta ce. "Rataye mini ita a ɗakina, kuma kada in ji an yi mata kuɗi."