Gilashin kyamarata ya ƙone harawar Kawu

Jama'a, yau na ƙona abincin bijimi ba da ashana ba!

Kun san ƙaramar kyamarar nan tawa. Na sayo mata wani gilashi da ake ɗaurawa a bakinta, yana ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Yau na je Faru gaida Kawu, sai na tarar zogalen gidansa ya yi fure. Na ɗaura gilashi, na matsa dab da furen. Kai! Har ƙafar ƙudan zuma ina gani!

Ana kiran Azahar na kwance gilashin, na ajiye shi kan tulin harawa a tsakar gida, muka tafi masallaci. Rana kuwa tana tsaka.

Muna sallamewa sai ihu: "Gobara gidan Malam!" Gidan Kawu ke nan! Muka sheƙo da gudu. Inna, matar Kawu, tana watsa ruwa tana rantsuwa ko murhu ba ta hura ba. Harawar da Kawu ya tanadar wa bijimin da yake kiwo duk ta zama toka!

Wani maƙwabci ya tono gilashin da sanda. Ya ce, "Wanga abin na wa na? Shi ya tara rana wuri guda."

Na amsa cewa nawa ne. Da ƙyar na ce, "Kawu, hoton fure na ɗauka."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi tokar, ya ce, "To, je ka gwada ma bijimin hoton, wataƙila shi ƙoshi."