Goggon 'Yan Tsana

A Ƙofar Marke, in aka ce Sadiyatu matar Tambari baduku, sai a ce, "Wace? Mai 'yan tsana?" Ba sayar da su take yi ba, ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Tsakar gidanta ne dai ya zama wurin wasan 'yan matan unguwarmu, kuma wasan ya daɗe har waɗanda suka fara shi sun yi aure sun bar wa ƙannensu gado.

'Yan tsanan ƙashin ƙafar rago ne da aka yi wa kitso da zare, mazan kuwa karan dawa. Amma suna aure, suna haihuwa, suna yaji, ana biko. Duk wannan dangi a kan Sadiyatu yake zaune. Tana murza tunkuza tana kasa kunne, sai ka ji ta daka tsawa: "Ke Lantana, aje wanga ango! Kawunta na, ƙanen uwatta. So kuke ku jawo muna abin kunya cikin gida?" Ita ke faɗin wadda za ta raka amarya, da wadda za ta ɓuya don ita ce uwa, da waɗanda suke taubasai masu izinin tsokanar juna. Ba ta taɓa karkatar da zumunta don a ji daɗi ba, ko yarinya za ta yi kuka ta gaji. Manya na yi mata dariya, ita ko a jikinta.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Da Mariyatu, matar ƙanenta Arzika, ta haifi tagwaye, gidan ba abin kirki, uwar kuma ba lafiya, sai aka riƙe Usaina aka kawo wa Sadiyatu Hasana tana rarrafe. Tun daga ranar Sadiyatu ta ɗauki kunyar 'yar fari, irin wadda uwa ke yi. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. "Ke wagga," take cewa, ko "Ku kira min waccan." Yarinyar ta tashi tana ce mata Inna. Wasu matan unguwa kan taɓe baki su ce kunyar aro ce, amma a bayan idonta suke faɗa.

Sai kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya shigo gari. Arzika da muka sani da tallar kananzir ya wayi gari ɗan kwangila, yana kai siminti barikin soja. Ya gina gida a unguwar Minanata, ya sayi Fijo. Mariyatu ta je Makka ta dawo da haƙorin zinariya, a nan ne ta tuna biyu ta haifa. Ba kewa ba ce, kada ma wani ya gaya mini haka. A wurin biki ne ake tambayarta ina Hasanar, don ba a yi wa tagwaye ado ɗaya-ɗaya. Ta aiko a ba ta ɗiyarta a sa ta boko tare da 'yar'uwarta. Sadiyatu ta yi kamar ba ta gane saƙon ba. Aka sake aikowa, ta cika wa 'yar aiken kwano da ƙuli-ƙuli ta sallame ta.

Mariyatu ta zo da kanta wata Laraba da la'asar, ranar da ake sunan wata 'yar tsana. Tsakar gida cike da yara, mu maƙwabta ma mun shigo cin gumba. Ba ta zauna ba. Ta tsaya cikin leshinta tana duban ƙasusuwa da kararen da aka jera a kan tabarma.

"Yaya," in ji ta, "an ce ke kin ka san dangin kowa nan. Wagga mi ta ga waccan?"

Sadiyatu ta ce, "Kakatta ta."

"To wanga hwa?"

"Ɗan wanta na."

"Madalla, ba ki kuskure." Mariyatu ta kamo hannun Hasana ta jawo ta tsakiya. "Sauran guda. Ke mi ta ga wagga?"

Yaran nan duk sun zuba wa Sadiyatu ido, su da suka saba duk abin da ta faɗa shi ne gaskiya. Da za ta yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarta, wallahi ba wanda zai kama ta da laifi. Amma ba ta iya ba. Ta dubi ƙasa ta ce, "Goggo."

"Ɗaga murya, ba su jiya ba."

"Goggo."

"To ashe kin sani. Goggo ba ta kunyar suna, Yaya. Kira ta ki sallame ta, mota na jira."

Na ga mugunta a duniya, amma ban ga wadda aka yi cikin murmushi irin wannan ba. Da sunan ya fito daga bakin Sadiyatu, a karye ya fito.

"Hasana."

Yarinyar ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba. Ta dubi Sadiyatu, ta dubi matar da ke riƙe da hannunta, ta rasa ta wa za ta bi. Mariyatu ta matse mata hannu ta ce, "Amsa ma goggonki mana."

"Na'am, Goggo," in ji Hasana.

Sadiyatu ta shiga ɗaki ta ɗaure mata kayanta da hannunta, ta rako su har zaure, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta daɗe a duniya bayan nan, har ta ga auren Hasana. A ranar ma ta nufi ƙuryar ɗaki za ta ɓuya tare da iyaye, aka aiko a ce ta fito, goggonni ne ke kai amarya. Ta ɗauki mayafinta ta fito, ta kai ta har bakin gado, ta juyo gida ita kaɗai.